Biyun da Muka Bari Cikin Sanyi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni Bello ya kuma karɓi abinsa. Sunana Saratu. A Zurmi aka haife ni, aure ya kawo ni Ƙauran Namoda, sana'ata kuwa ƙanƙara. Duk wanda ya sha ruwan sanyi a tashar Ƙaura cikin shekarun nan, da wuya bai sha na firizata ba. Tun da na fita takaba mata ke zagaye-zagaye suna son jin abin da ya kai ni Abuja da kular ƙanƙara a cinya, na kuma dawo da ita ban sayar da ko ƙulli ɗaya ba. Na gaji da ba da rabin amsa. Ga ta nan gaba ɗaya, ko wata mai ajiya irin tawa ta ji ta yi sauri.

Bello, mijina, direban a-kori-kura ne, hanyarsa Ƙaura zuwa Shinkafi. Ya tafi da ƙanƙarata cikin buhunan dusa, ya dawo da awaki da albasa da labarin duk wanda ya yi faɗa a kasuwa. Bafulatani ne na wajen Katuru, ɗan fari a ɗakinsu. Mun haura shekara goma da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na sha maganganu, waɗanda suka fi sassaƙen ɗaci. Da ɓarayin daji suka fara kore shanu a yankinsu, sai ya je ya sayar da rabonsa na gado tun kafin a zo kansa.

"Gara su tai Abuja da izinina da a kore su daji ina kallo," in ji shi.

Da kuɗin shanun muka je wani asibitin masu neman haihuwa a Abuja, inda ake haɗa ƙwan mace da irin mijinta a wajen jiki, in ya kama a dasa mata. Namu ya kama. Aka dasa mini ɗaya, ya zauna kamar wata biyu, ya zube. Biyu suka rage, aka daskarar da su har jikina ya huta. Kafin mu taho likitar, wata 'yar Zariya mai yawan fara'a, ta nuna mana su a allon kwamfuta. Ni dai 'yar kumfa na gani guda biyu, ba kai ba ƙafa. Bello ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce na dama ya ɗauko hancinsa. Tun a mota ya raɗa musu suna 'yan Abuja.

Ba zan ɓoye ƙauyancina ba. Mai sayar da ƙanƙara abu ɗaya ta sani: in wuta ta tafi, dukiya ta zama ruwa. Makon da muka dawo aka ɗauke wuta a Ƙaura kwana da kwanaki, sai na kasa cin abinci. Na kira likitar na tambaye ta ko injinsu na da mai. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ba a firiza suke ba, a cikin wani tulun ƙarfe suke mai ruwan iska, sanyinsa ya ninka na ƙanƙarata nesa ba kusa ba, kuma babu ruwansa da lantarki. Ta ce za su iya shekaru a haka ba su girma ba su lalace ba. Na ce to. Amma ko bayan nan, duk sanda fanka ta tsaya sai gabana ya faɗi. Bello yakan kalle ni ya ce, "Kira ki ji, ko 'yan Abuja sun yi zuhwa."

Ciwon ya fara ne da silifas. Muna shirin komawa bayan damina, sai takalminsa na hagu ya riƙa sulɓewa yana tafiya, bai ma sani ba sai ya ji ƙasa. Na yi ta tsokanarsa da tsufa. Bayan 'yan makonni ya ce ƙafar ba ta danne masa kulocin mota yadda ya kamata. Da yamma in ya miƙe a tabarma sai in ga naman cinyarsa yana rawa shi kaɗai, babu zafi, babu kumburi. Rashin zafin ne ya yaudare mu. Mai kemis ya ce sanyi ne. Dangin Bello da suka ji kalmar sanyi sai suka juyo kaina gaba ɗaya: ƙanƙarar da yake ɗauka a bayan mota ce ta shige masa ƙashi. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho, aka shafa man shanu, aka yi hayaƙi har labulena ya canza launi. Wata gwaggonsa ta ce in rufe firiza in koma tuyar ƙosai, ko wuta ta kore abin da sanyi ya kawo. Na haɗiye, don da kuɗin ƙanƙarar aka biya wanzamin.

Da hannunsa na dama ya kasa yanko tuwo, muka bar wasa. A Ƙaura aka duba shi aka ce wannan ya fi ƙarfin nan, Allah ya saka musu da faɗin gaskiya. Gusau muka yi sammako muka karɓi kati, muka wuni a benci, aka ce mai duba jijiya sai wani makon. Wani makon aka ce hoton baya, hoton ya fito fes, aka tura mu Sakkwato. A can muka kwana a gidan wani ɗan garinmu muna jiran layi. Wani likita mai furfura ya soka masa ƙananan allurai a nama, yana kallon na'ura. Ya kira sunan ciwon da Turanci, ban riƙe ba, ban kuma nemi riƙewa ba. Ya ce jijiyoyin da ke kai wa nama umarni ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, za su bi hannu, su bi harshe, su bi haɗiya, su kai ga numfashi, kuma har yau duniya ba ta da abin da ke tsayar da su. Ya ce ba sanyi ba ne, ba kuma laifin kowa ba. Da muka miƙe sai ya tsayar da ni.

"Hankalinsa zai zauna daram har ƙarshe," in ji shi. "Ki riƙa yi masa magana yadda kika saba. Kada ki bari a yi hirarsa a kansa kamar ba ya nan."

Wannan maganar ita kaɗai na ɗauko daga Sakkwato, kuma ta fi duk ƙwayoyin da aka rubuta mana amfani.

Zancen komawa Abuja ya koma sai ya samu sauƙi. Ni na faɗa, shi ya gyaɗa kai, dukanmu mun ji abin da likita ya ce amma babu mai son ya fara maimaitawa. Muka sayar da motar. Daga baya firiza ɗaya ta bi ta. Kuɗin ajiyar 'yan Abuja kuwa ko sau ɗaya ban bari ya wuce lokaci ba.

A nan Inna ta zo, mahaifiyarsa. Tun da zaman Katuru ya gagara take Shinkafi wajen 'yarta. Wanda bai san Fulani ba zai ce ba ta son ɗanta. Ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta kallonsa ido cikin ido. Tunda na shigo gidan ban taɓa jin Bello a bakinta ba. Ko wani mai sunan ne sai ta ce mai sunan wancan. Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakinmu ta waje, ta ba ƙofar baya, tana jan carbi. Kullum da safe in na fito da ruwan wankansa sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ƙaƙa wancan yak kwana?" In ce da sauƙi. Ta ce madalla. Wani lokaci abin ya ba ni haushi, in ce a raina ga ɗanki nan taku biyu, ki leƙa mana. Sai wata rana na lura duk sanda ya yi tari a ciki, carbin yakan tsaya a hannunta har sai ya lafa.

Jinyar irin wannan ciwo aikin ƙarfi ne. Na koyi ɗaga namiji daga katifa zuwa kujera ba tare da na karya bayana ba. Na koyi juya shi kafin gefe ɗaya ya yi gyambo. Ruwa tsinkakke ya fara shaƙe shi, sai na koma kunu mai kauri da fura da aka dama lilis. Lokacin zafi nakan naɗe ƙanƙara a zane in ajiye gaban fanka ta huro masa, in ce, "Ga abin da ya kwantar da kai nan, in ji gwaggonka." Ya yi dariyarsa da ta koma huci. Gidanmu bai da nisa da titi, kuma kunnensa bai taɓa raguwa ba. Mota ta wuce ya ce ta wane ce, ya ce ta kusa neman gareji. 'Yan tasha sun yi zumunci, ban da bakin gode musu. Ranar kasuwar Shinkafi sai na tarar da albasa ko ƙullin nama a zaure, ba a san wanda ya ajiye ba.

Umaru ƙanensa, mai gyaran waya a bakin kasuwa, shi ya kawo mana zancen wani magani wai shi sitem sel. Da farko wani gari ne a 'yan fakiti da wani mai kwat ya sayar masa a Gusau, wai yana sabunta duk ƙwayar jikin da ta mutu. Tsadarsa kamar zinariya, ɗanɗanonsa kamar garin lemo. Bello ya sha wata guda don kada ran yaron ya ɓaci, babu abin da ya sabunta sai aljihun mai kwat. Umaru bai haƙura ba. Wata rana da la'asar ya shigo da wayarsa yana nuna mana bidiyo, wai Turawa na ciro wasu ƙwayoyi daga ɗan tayin da bai wuce 'yan kwanaki ba, irin wanda ake daskararwa, kuma ƙwayoyin na iya zama kowane sashe na jiki, har jijiya. Tsakanina da Umaru wasa ne kullum, ni in ce masa gwauro, shi ya ce mini uwar sanyi. Ranar babu wasa a fuskarsa.

"Matar Hamma," ya ce, don Hamma yake kiran yayan nasa, "ke ad da maganin ga aje cikin tulu, kina kallonai shina ƙarewa. Ɗiyan da ba a haihwa ba da mutum mai rai, wa ya hi?"

Bello ne ya amsa. Lokacin harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi mata dako. Muka jira har ya gama.

"Ban sai da shanun ubana ba... don a zuba min ɗiyana... cikin sirinji."

Umaru ya fita yana share ido. A waje carbin Inna ya tsaya.

Ni kuwa maganar ta zauna mini. Washegari da rana na laɓe bayan firiza na kira likitar Abuja. Gaskiya ɗaya ce, da ta ce mini yana warkewa, da na ba da su duka biyun, in ya so ya tashi ya yi fushi da ni a tsaye. Ta saurare ni har na gama kuka. Ta ce abin da Umaru ya gani yana da tushe. A wasu ƙasashe, in ma'aurata suka yarda, ana ɗaukar ragowar irin nawa a ciri ƙwayoyin a raina su a ɗakin bincike, ɗan tayin kuma ba ya rayuwa bayan haka. Shi ya sa wasu ƙasashen suka hana ɗungurungum, wasu suka yarda da sharuɗɗa masu tsauri, har masana suka koma neman hanyar samun irin ƙwayoyin daga fatar babban mutum. Ta ce amma duk wannan bincike ne, ba magani ba tukuna, ciwon Bello babu inda aka warkar da shi da haka. Su ba sa yi, dokar ƙasar nan ma ba ta sakar wa kowa mara a kan taɓa ɗan tayi ba. Duk wanda ya ce in kawo su ya yi wa mijina allura, ɓarawo ne ko da ya sa farar riga.

Na ji sanyi na kuma ji kunya a lokaci guda. Har zan kashe wayar ta ce, "Saratu, ba fannina ba ne, amma kin tambayi malamai har zuwa yaushe ya halatta a dasa miki su?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni a tunanina abin da ke cikin sanyi yana jira. Na aika wa yayana Nuhu, wanda ke koyar da Larabci a Zurmi. Ya hau babur ya zo ranar da hanya ta yi dama. Ya zauna kusa da Bello, ya riƙe masa hannu, ya yi maganar a gabansa kamar yadda na roƙa. Ya ce a kan bayar da ragowar don bincike malamai sun saɓa. Da yawa na ganin abin da ba a busa wa rai ba bai kai matsayin mutum ba, ko da yake yana da alfarmarsa, wasu kuma sun ƙi. Amma akwai inda bai san wani saɓani mai ƙarfi ba.

"Dashen ga halas na muddin akwai aure tsakaninku," ya ce. "Ran da ɗayanku ya riga ɗaya, igiya ta katse, ƙohwa ta ruhe. Ku yi haƙuri, gara ku ji daga bakina."

Bello ya juyo da idonsa kaina, don wuyan ya daina juyawa sosai.

"Ki tai," ya ce.

Na ce wa zai ɗaga shi, wa zai ba shi kunu, in cikin ya kama wa zai yi duk wannan wata tara. Ya sake cewa, "Ki tai." Har Yaya Nuhu ya tashi tafiya Bello bai sauka daga kan wannan ba.

Ba a tashi kawai a je a karɓi dashe. Sai an sha ƙwayoyi na makonni ana shirya mahaifa, a je Gusau a yi hoto, a aika wa likita, ita ta sa rana. Ranar kuma ba ta matsawa yadda mutum ke so. Likitar ta kira ta bidiyo ta tambayi Bello da kanta ko ya yarda, ya ɗaga mata gira don lokacin magana ta fara gagararsa, ya dangwala yatsa a takardar da ta aiko da taimakon Umaru. Na fara shan ƙwayoyin. A makonnin nan na dawo yarinya. Ina goge masa baki ina ba shi labarin yadda na dama mai hancinsa zai gaji taurin kansa. Muka yi musun suna, ni ina faɗa shi yana ƙiftawa in bai yarda ba. Ban taɓa son haihuwa kamar lokacin ba, kuma ba don gori ba, gorin ya daɗe da daina yi mini zafi. So nake in ɗora tafin hannunsa a cikina ya ji motsi, ko sau ɗaya.

Saura wanda zai ba shi abinci kwanakin da ba na nan. Umaru na iya ɗagawa, amma bai iya ba da kunu ba, sau biyu yana shaƙe shi. Na fita na durƙusa gaban Inna na ce babu kowa sai ita. Sai ta ja mayafinta har goshi, ta miƙe, ta shiga ɗakin da ba ta taɓa takawa ba. Ta zauna a gefen katifa ta fuskanci bango. Na nuna mata rabin cokali, a jira ya haɗiye, a shafa maƙogwaro. Ta miƙa cokalin tana kallon bango, ya tafi wajen kunnensa.

"Inna, sai kin dube shi," na ce.

Ta juyo. Ban san shekara nawa rabon da su haɗa ido ba. Hawaye ya gangaro masa ta gefe, ta sa bakin mayafinta ta share kamar ƙura take sharewa, ta ce, "Buɗe baki." Na fita na bar su.

Ana jibi tafiyata zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa na ƙara. Muka kai shi asibiti aka ce abinci ne ya bi hanyar iska ya zama ciwon huhu. Aka sa masa robar iska a hanci da ruwan allura. Ranar tafiyar da safe zazzaɓin ya ɗan sauka. Na ce masa na fasa. Ya rufe ido ya ƙi buɗewa, fushinsa ke nan tun da magana ta ƙare. Sai da na ce to zan tafi sannan ya buɗe.

Na je tasha da jakata. Motar Gusau saura mutum biyu ta cika, rana na yi, kuma kowa ya san hanyarmu ba a yin yamma a kanta. Ina zaune ina duba waya, sai na ga abokan aikin Bello sun haɗa kai a gindin bishiya. Shugabansu, wani dattijo da ya koya masa tuƙi, ya zo ya ce wa direban ya tayar, sun biya kujerun da suka rage. Ya sunkuyo ta taga ya ce, "Ki gaida muna 'yan Abuja." Ashe duk tashar ta sani, Bello bai taɓa iya riƙe labari mai daɗi ba.

Mun wuce rabin hanya Umaru ya kira. Numfashin ya canza, leɓensa ya yi duhu, ma'aikata sun taru a kansa. Bai ce in dawo ba, bai ce in wuce ba, kuka kawai yake yi. Na riƙe wayar har muka shiga Gusau. Ga motar Abuja tana lodi a gabana, ga ta Ƙaura a tsallake. Na tsallaka.

Na same shi ya farfaɗo. Da ya gan ni ya rufe ido, wannan karon ya daɗe. Likitar Abuja ta ce ranar ta wuce, sai in tsayar da ƙwayoyin, jini ya zo, a sake sabon shiri wata mai zuwa. Bello ya ƙara fiye da mako a duniya. Da na wuce, da an dasa, da na dawo na same shi da ransa, har da kwanakin da zan ɗora masa hannu a cikina ko babu motsi. Na juya wannan lissafin a takaba har ya gaji da ni. Ban ce na yi kuskure ba, don da ya cika ina kan hanyar Kaduna da ban san inda zan sa kaina ba. Ya rasu da hantsi, kansa a cinyata, Inna na riƙe da ƙafarsa ta hagu, wadda ta fara. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Abin da zan ce wa mata da maza masu irin wannan ajiya shi ne, ranar da likita ya faɗi ciwo mai nauyi, a ranar za ku yi zancenta, tun harshe na motsi. Ku tambayi malami da wuri. Kada ku ce sai an samu sauƙi. Masu garin fakiti da masu alkawarin allura kuma ku bar su da Allah, amma kada ku ba su ko sisi.

Da takaba ta kusa ƙarewa likitar ta kira ta yi mini gaisuwa, sannan a hankali ta tambayi abin da nake so a yi da biyun. Zan iya ci gaba da biyan ajiya, ko a fitar da su a bar su su huce, ko in ba da izini masu koyon aikin su yi nazari a kansu. Na yi kwanaki ina tunani. Yaya Nuhu ya ce kowanne na ɗauka akwai malaman da suka tsaya mini. Da a ce akwai inda ake binciken ciwon Bello da gaske a kusa, wataƙila da na ba da ɗaya, kuma ba na zargin matar da ta ba da nata. Ajiyar kuwa, ajiye wa wa? Duk da haka bakina ya kasa cewa a fitar da su. Muddin suna cikin tulun nan, akwai wani abu na Bello da bai mutu ba.

Inna ce ta raba gardamar. Tana tsefe auduga a tsakar gida, ashe tana jin wayar da nake yi da Yaya Nuhu.

"Mu ba mu barin namu hannun baƙi," ta ce. "Ko ɓari anka yi, tsohuwa na ruhe shi bayan ɗaki. Ki tai ki ɗauko su."

Shi ne da na fita takaba na tafi da kula. Likitar ta fito da wani ɗan siririn bututu, bai kai tsinken tsintsiya tsawo ba, ta sa a ƙaramar kwalba ta miƙo mini da hannu biyu. Na ɗaga shi ga haske ban ga komai ba. Ta ce ba sai na sa a ƙanƙara ba, tunda suka fito daga tulun sun riga sun huce. Na ce na sani. Na sa su a tsakiyar ƙanƙarar na rufe, na rungume kular tun daga Abuja har Ƙaura. Wannan ce kaɗai ɗaukar da na yi musu, ban bari yaron mota ya sa ta a but ba.

Mun iso bayan la'asar. Inna ta riga ta haƙa rami a bayan ɗakinmu da 'yar fartanyarta, ba ta bar Umaru ya taɓa ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani farin ƙyalle. Na gane shi, ragowar likkafanin Bello ne, ban san ta ɓoye ba. Ta karɓi kwalbar ta ɗauraye da ruwa, ta naɗe ta a hankali yadda ake naɗe jariri, ta durƙusa ta sa a ramin. Ni ina tsaye da kular a buɗe, ruwan ƙanƙara na ɗiga a ƙafata.

Ba ta tura ƙasar nan da nan ba. Ta dafa ƙyallen da tafin hannunta.

"Kun sha sanyi," ta ce. "Ku kwanta, kun zo gida, ɗiyan Bello."

Ta dafe baki kamar ta tsorata da sunan da ya fito daga cikinsa. Sannan ta sake faɗa, ƙasa-ƙasa, ita kaɗai.

"Bello."